Dalilan Ƙaurar Jemagu Tsakanin Gine-ginen Birnin Daura

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana abin da ke sa jemagu su tashi daga wani gini su koma wani. Sanin haka zai amfani magidanta da hukumomin makarantu, waɗanda kashin jemage ke ɓata wa silin, ya kuma cika azuzuwa da wari.

Jemagun Gari

Jemagun gari iri biyu ne. Akwai manya masu shan 'ya'yan bedi da ɓaure da mangwaro, waɗanda ke kwana a bisa itace. Akwai kuma ƙanana masu cin ƙwari, kamar jinsin da masana ke kira Mops, su ne ke maƙalewa a tsakanin azara ko ƙarƙashin kwano. A kan ƙananan za mu yi magana.

Dalilan Ƙaura

Na farko shi ne zafi da sanyi. Soron ƙasa irin na unguwannin da ke kewaye da fada da Rijiyar Kusugu yana riƙe yanayi ɗaya dare da rana. Kwano kuwa yakan ɗau zafi da rana, ya huce da dare, musamman da hunturu. Saboda haka jemage kan zaɓi inda ya dace da jikinsa.

Na biyu haihuwa. Da damina, lokacin da ƙwari suka yawaita, mata kan taru a wuri mai ɗumi, kowace ta haifi ɗa guda.

Na uku maƙiya. Mujiya da kyanwa da maciji kan gane ƙofar makwanci, ga kuma ƙwarin da ke shan jininsu. Tashi shi ne maganinsu.

Na huɗu ɗan Adam. Yaɓen gabanin damina da hayaƙi da rushe soraye duk suna korarsu, sai su koma maƙwabta.

Kammalawa

Wanda ya toshe kafa da damina ya rufe 'ya'yan da ba su iya tashi ba, su mutu a silin, wari ya ƙaru. Abin da ya kamata shi ne a jira rani, a toshe bayan magariba idan sun fita kiwo. Kada kuma a taɓa su da hannu, domin wasu jemagu na ɗauke da cuta 'yar'uwar haukan kare, wadda aka fara ganowa a Ikko a 1956. Kashe su kuwa asara ce, tunda suna rage mana ƙwarin gona.