Mutum 250,000 sun amsa, amma sakamakon ya kauce: abin da ke lalata binciken jin ra'ayi a waya

A shekarar 2021, lokacin da ake rige-rigen yin allurar rigakafin korona a Amurka, masu amfani da Facebook sun riƙa ganin wani saƙo a saman shafinsu yana gayyatarsu su amsa tambayoyi kan lafiyarsu. Facebook ne ya shirya binciken tare da ƙungiyar masana ta Delphi da ke Jami'ar Carnegie Mellon, kuma kusan mutum 250,000 ne ke amsawa a kowane mako. A daidai wannan lokaci kamfanin Ipsos da kafar labarai ta Axios suna nasu binciken da mutum kusan 1,000 kacal.

Duk wanda aka tambaya zai ce na Facebook ne abin dogaro. Amma da wasu masana suka kwatanta sakamakon da alƙaluman hukumar CDC mai lura da cututtuka a Amurka, wadda ke ƙirga ainihin alluran da aka yi, sai labari ya sha bamban. A rahoton da mujallar Nature ta wallafa a Disambar 2021, an nuna cewa zuwa watan Mayun shekarar, binciken Facebook ya ƙara kashi 17 cikin 100 a kan ainihin yawan manyan da suka karɓi allurar farko. Ƙaramin binciken Ipsos kuwa ya fi shi kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Masanan sun lissafa cewa amsoshi 250,000 da aka tattara ta karkatacciyar hanya za su iya zama daidai da na mutum 10 da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a.

Ina aka samu matsala?

Tun wajen wanda aka tambaya. Wanda ba shi da Facebook bai ga gayyatar ba. Cikin waɗanda suka gani ma, kusan ɗaya cikin ɗari ne suka amsa, kuma masu digiri sun yi yawa a cikinsu fiye da yadda suke a cikin jama'a. Su ne kuma suka fi saurin karɓar allurar. Ipsos kuwa ta adireshin gidaje yake zaɓo mutanensa, wanda ba shi da intanet a sama masa hanyar shiga, sannan a daidaita lissafi da matakin ilimin masu amsa.

Misalin tukunyar miya ya isa a gane wannan. Cokali ɗaya ya wadatar a san ko gishiri ya ji, in dai an juya miyar. In ba a juya ba, ko ludayi goma aka ɗiba daga sama, saman kawai aka ɗanɗana.

Kuskuren ya girmi intanet. A 1936 mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10 kan zaɓen shugaban Amurka, fiye da miliyan 2 suka dawo. Ta samo yawancin sunayen daga littafin lambobin tarho da rajistar motoci, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. Ta ce Alf Landon zai ci da kashi 57 cikin 100. Da aka kaɗa ƙuri'a, Franklin Roosevelt ya samu kusan kashi 61, ya lashe jihohi 46 cikin 48. George Gallup, da mutane ƙalilan idan aka kwatanta, ya faɗi wanda zai ci daidai. Zuwa 1938 mujallar ta daina fitowa.

Abin da waya ta gyara

Wannan ba ya nufin waya ba ta da amfani a aikin. Manhajoji irin su ODK, wadda aka faro a Jami'ar Washington a 2008, da KoboToolbox sun kawar da kurakurai da dama na zamanin takarda. Suna aiki ba tare da sabis ba, sai an samu intanet su tura bayanan. Mai tsara fom zai iya hana a shigar da shekara 250 a matsayin shekarun mutum, ko ya sa manhajar ta tsallake tambayar juna biyu idan mai amsa namiji ne. Ba sauran rubutun hannu da ba ya karantuwa, ba sauran mai sake buga amsoshi a kwamfuta yana kuskure.

Wayar tana kuma iya adana wurin da aka yi hira ta GPS da tsawon lokacin da ta ɗauka. Idan ma'aikaci ya zauna a gindin bishiya ya cike fom 20 da kansa, za a ga duk daga wuri ɗaya suka fito, kuma hirar minti 40 ta ƙare cikin minti 4.

Abin da waya ba ta gyara ba

Manhaja ba ta san ko amsa gaskiya ce ba. Masu nazarin ƙidaya sun daɗe da lura cewa inda rajistar haihuwa ba ta yaɗu ba, shekarun mutane kan taru a lambobin da ke ƙarewa da 0 ko 5. Mai shekara 38 ya ce 40, waya kuma ta karɓa babu musu.

Wanda ke yin tambayar ma yana sauya amsa. Matar da baƙon namiji ya tambaya kan lafiyarta a gaban surukarta ba lallai ta faɗi abin da za ta faɗa wa mace 'yar'uwarta a keɓe ba. Matashin da ake tambaya kan shan ƙwaya yakan fi sakin jiki idan shi da waya ne kawai.

Ga kuma harshe. Kalmar "gida" a Hausa na iya nufin babban gida mai sassa huɗu, kowane da tukunyarsa, alhali manyan bincike sukan ƙirga waɗanda ke zaune tare suna ci daga tukunya ɗaya. Idan kowane ma'aikaci ya fassara tambayar da ka, amsar "mutum nawa ne a gidanku?" za ta iya zama 6 a wurin wani, 26 a wurin wani, a gida ɗaya.

Darasi daga Najeriya

Ma'anar da aka ba tambaya kaɗai na iya juya alƙaluman ƙasa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020. A Agustan 2023 ta fitar da kashi 4.1 na farkon shekarar. Ba miliyoyin ayyuka ne suka faɗo daga sama ba. A da, wanda bai kai awa 20 yana aiki a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. Sabon tsarin, da ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, yana ɗaukar wanda ya yi aikin samun kuɗi ko da na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Wanda ya jera lambobin biyu ya ce an samu sauƙi ya haɗa mudu biyu da girmansu ba ɗaya ba.

Kafin a tura wa wasu

Kullum ana yawo da hotunan ƙuri'ar X ko ta WhatsApp da ke cewa kashi kaza na 'yan ƙasa na goyon bayan wane. Irin wannan ƙuri'a ra'ayin mabiyan shafin ne da suka ga dama suka danna, kuma mai asusu biyar zai iya dannawa sau biyar. Manomin da wayarsa ba ta shiga intanet ba ya ciki.

Tambayoyi huɗu sun isa a auna kowane sakamako: su wa aka tambaya, ta yaya aka zaɓo su, nawa ne suka ƙi amsawa, kuma yaya aka furta tambayar? Binciken kirki yakan bayyana waɗannan a fili.

Haka ɗalibin da ke tura fom ɗin Google Forms a zauren ajinsu don aikin kammala karatu, ko mai son gwada kasuwar sabuwar manhaja. Amsa 500 daga abokai ra'ayin abokai ne, kuma ya kamata a rubuta hakan a rahoton. In ana son sanin ra'ayin unguwa, sai an ɗauki wayar an taka zuwa wurin waɗanda fom ɗin ba zai taɓa isa gare su ba.