Intanet A Gidan Haya: Shiga Da Sauƙi, Fita Da Wuya

Duk wanda ya bi ta Agege ko Idi-Araba ko Obalende a birnin Ikko, ko kuwa Sabo ta Badun, da wuya ya wuce bai ga samari da 'yan mata sanye da rigunan kamfanoni ba, sun kafa lema a bakin titi suna miƙa wa masu wucewa takardun talla. Kowace takarda cewa take yi intanet ɗin kamfaninta ya fi na kowa sauri, ya fi na kowa araha, wai kuma ba shi da iyaka. Magidanta da yawa daga cikin mutanen Arewa mazauna Kudu sun karɓi irin waɗannan takardu sun kai gida, domin zancen kuɗin data ya shiga sahun kuɗin cefane tun watan Janairu na 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yarda wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Su kamfanonin ninki suka nema, hukuma ta ba su rabi.

Dalilin da ya sa magidanci ke sauraron masu lema a fili yake. Gida ɗaya sai ka tarar da waya biyar ko shida, ta maigida, ta uwargida, ta yara, har da ta ƙanin da ya zo ci-rani yana kwana a shago, kowa kuwa da datarsa daban. Maigida yana aika hotunan kaya ga abokan ciniki ta WhatsApp, uwargida tana kiran mahaifiyarta a Kano ko Sakkwato su ga juna ido da ido, yara suna kallon finafinan Hausa a YouTube, in azumi ya zo kuma ga tafsiri. In aka tara abin da kowa ya kashe a wata, sai a ga ashe da an haɗa kuɗin an sayi akwati guda wanda zai ba gidan duka intanet, da an sami sauƙi. Wannan lissafi sau da yawa daidai ne. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen tambaya. Mutum yakan tambayi nawa zai biya a wata, ba ya tambayar abin da zai bari a baya ran da ya so rabuwa da kamfanin, ko ran da mai gidan haya ya ce ya tashi.

Manya za su tuna zamanin NITEL, lokacin da layukan tarho na ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, kuma wanda aka yi wa laifi ba shi da wurin komawa. A watan Agusta na 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar hannu, ana biyan Naira 50 a minti. Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, Etisalat ya biyo baya a 2008, shi kuwa Econet ya yi ta sauya suna har ya zama Airtel a 2010. Amma duk da yawan kamfanoni, mutum yana nan a ɗaure, gama in ya bar kamfani ya bar lambarsa ke nan, ɗan kasuwa kuwa lambarsa ita ce ƙofar shagonsa. Sai ran 22 ga Afrilu, 2013, hukuma ta buɗe hanyar da mutum zai ƙaura da lambarsa daga wannan kamfani zuwa wancan. Zai je ofishin sabon kamfanin da shaidarsa, ya cika takarda, ya aika saƙo zuwa 3232, ba a kuma karɓar kuɗi a kan ƙaurar. Sai dai katin da ya rage a tsohon layi da datar da ba a ƙarar ba, ba sa bin shi.

To, wannan tsari lambar waya ya tsare. Bai tsare akwatin intanet na gida ba, kuma a nan ne kuɗin yake.

Akwatin da aka fi gani a gidajen haya shi ne wanda ake sa wa layi a ciki, ya jawo sabis daga turken kamfani kamar yadda waya ke yi, sannan ya raba wa mutanen gida. Akwai ƙarami na aljihu mai batir, akwai babba na kan tebur. MTN da Airtel da Glo suna sayar da shi, haka ma kamfanonin da intanet kaɗai suke yi, irin su Spectranet da Smile. Tun da MTN ya fara 5G a 2022, Airtel kuma a 2023, an sami akwatuna masu ƙarin sauri a unguwannin da turakun suka kai. Amfanin wannan akwati ga ɗan haya babba ne: ran tashi sai ya zare shi ya sa a jaka. Amma fa galibi akwatin da kamfani ya sayar da rangwame a kulle yake, ba ya karɓar layin wani kamfani. Rangwamen nan da kyautar datar watan farko su ne tsaba, akwatin shi ne tarko. Wanda ya sauya kamfani sau biyu yakan wayi gari da akwatuna uku a saman kabad, biyu ba su da aiki sai tara ƙura. Akwai akwatunan da ba a kulle ba a kasuwa, irin su Computer Village ta Ikeja, sun fi tsada da farko, amma mai su yana iya sauya layi yadda ya ga dama. Mai saye ya sa a gwada masa da layi biyu daban a gabansa kafin ya miƙa kuɗi.

Na biyu shi ne wayar gilashi, wadda ake kira faiba, da ake jawowa daga titi har cikin ɗaki. Kamfanoni irin su ipNX da FiberOne da MTN suna wannan aiki a wasu unguwannin manyan birane. In dai ana zancen sauri da tsayawa daram ne, babu kamarta, domin ba ta damu da kauri ko yawan bango ba. Sai dai ita ba ta san ƙaura ba. Ana biyan kuɗin jawowa, ana huda bango, sai an nemi yardar mai gida ko wakilinsa, kuma ran da haya ta ƙare waya tana nan liƙe a bangon mai gida. In sabuwar unguwar da aka koma kamfanin bai kai can ba, an yi asarar kuɗin jawowa, in ma ya kai, mai yiwuwa a sake biyan wani abu. Wanda ya mallaki gidansa, ko mai shago da ya shekara goma wuri ɗaya a Mile 12, faiba ta dace da shi in akwai ta a layinsu. Amma wanda kowace shekara sai ya yi ciniki da mai gida kan ƙarin haya, ya kamata ya yi tunani sau biyu. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Ga kuma masu gyaran hanya da masu haƙa kwata da ke yanke wayoyin nan ba dare ba rana, abin da ya sa a 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya. Dokar ba ta hana katafila aikinta ba tukuna.

Na uku kuwa daga sama yake zuwa. Kamfanin Starlink mai amfani da taurarin ɗan'adam ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka. Kuɗin faifan da kayan haɗinsa ya haura Naira dubu 400 a 2024, kuma a ƙarshen wannan shekarar kamfanin ya ba da sanarwar ɗaga kuɗin wata daga Naira 38,000 zuwa 75,000, hukuma ta ce ba da izninta ba, ya dakatar. A daidai lokacin ma ya tsai da karɓar sababbin masu saye a Ikko da Abuja da Fatakwal na wani lokaci saboda cunkoso. Faifan yana son sarari inda zai ga sama, ga shi da cin wuta. Ya fi dacewa da mai gona ko makaranta a inda babu turke, ba mai ɗaki biyu a Agege ba.

Sai zancen kalmar nan "ba iyaka" da ke jan hankalin mutane. Sau da yawa a ƙasan takardar akwai ɗan ƙaramin rubutu da ba a karantawa, wanda ke cewa in aka ci giga kaza sai a rage sauri har ƙarshen wata. Ba a yanke intanet ɗin ba, gaskiya ne, amma hoto ɗaya sai ya yi ta juyawa kamar jaki a masussuka. Saboda haka abin tambaya shi ne giga nawa ake sha kafin a rage, kuma zuwa wane sauri ake ragewa. Kallon fim mai hoto tangaran yana iya cin giga biyu ko uku a awa guda, mai matsakaicin hoto kuwa wajen giga ɗaya. Gidan da ake kallon awa uku kullum ya yi wa kansa lissafi. Har wa yau, saurin da ake rubutawa a talla da megabit ake auna shi, girman fim kuwa da megabait, kuma megabit takwas ke yin megabait ɗaya. Wanda aka ce masa 40 ya raba gida takwas, ya ga biyar. Wannan ma mafi girman abin da zai iya samu ne, ba abin da zai samu kullum ba. Turke ɗaya unguwa duka ke rabawa, shi ya sa akwatin da ya yi gudu da hantsi a ofishin kamfani yakan yi rarrafe bayan sallar lisha, sa'ad da kowa ya dawo gida.

Wutar lantarki ma tana cikin farashi, ko da yake babu takardar tallar da ke faɗa. Akwatin tebur da na faiba in an ɗauke wuta sun mutu, sai in da batir ko inbata ko sola. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, tada janareta domin intanet kaɗai ya zama wauta. Wanda ya biya kuɗin wata cur alhali wutar unguwarsu awa shida ce a yini, ya biya kuɗin awa ashirin da huɗu ya sha shida.

Akwai kuma abin da ya shafi mutumin Arewa musamman. Kira baki biyu gare shi. In babban dalilin sayen intanet shi ne a ga fuskar iyaye a gida, to saurin Ikko ba zai gyara raunin sabis na ƙauye ba, hoton zai tsaya cik ko da nan ana kan faiba. Wani lokaci kuɗin da za a ƙara a nan ya fi amfani in an saya wa tsohuwa layin kamfanin da ya fi ƙarfi a garinsu. Mutanen Zamfara mazauna Kudu ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe sabis a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A makonnin nan babu akwatin da ya iya kai sallama gida. Haka kuma ran 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a yammacin Afirka, bankuna da masu POS suka sha wahala, wasu kamfanoni suka fi wasu jin jiki gwargwadon hanyoyin da kowa ya dogara da su. Ɗan kasuwar da ke da layi na biyu na wani kamfani daban ya fi samun damar lallaɓawa a ranar.

Wanda ya ƙudurta sauyawa, maƙwabcinsa ya fi mai lema sanin gaskiya. Ya tambayi na ɗakin kusa, ba na wata unguwa ba, domin a gida ɗaya ma ɗakin gaba da na baya sukan bambanta. In zai yiwu ya ari akwatin ya kwana da shi, ya gwada da dare da kuma ranar Lahadi. Ya fara da kuɗin wata ɗaya, kada rangwamen wata shida ko shekara ya ruɗe shi, gama kuɗin da ya shiga aljihun kamfani da wuya ya dawo. Ya tambaya ko akwatin nasa ne ko aro ne da za a karɓe, ko datar da ta rage tana bin sa zuwa wata mai zuwa, da kuma kwana nawa ake ɗauka kafin a zo gyara in waya ta yanke. Kada ya yanke tsohon sai sabon ya yi mako guda yana aiki. In ya taɓa ba tsohon kamfanin lambar katin bankinsa, ya tabbata ya kashe sabuntawar da ke cirar kuɗi da kanta, in ba haka ba zai ci gaba da biyan kuɗin akwatin da ke saman kabad. Layin da za a sa cikin sabon akwati kuwa, shi ma sai an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kamar kowane layi.

In aka sami saɓani, ƙa'ida ita ce a fara kai kuka ga kamfanin, a karɓi lambar ƙorafi a rubuta a ajiye tare da rasit. In ba su yi komi ba, sai a kira Hukumar NCC a kan lamba 622, kiran kyauta ne, kuma abin da za su fara tambaya shi ne lambar ƙorafin nan.