Idan Sabis Ya Ɗauke, Me Ka Tanada?

A farkon Satumban 2021, hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakun sabis ɗinsu a faɗin jihar Zamfara. Gwamnan jihar na lokacin, Bello Matawalle, ne ya nemi a yi hakan, domin a toshe wa 'yan bindiga da masu kai musu rahoto hanyar magana yayin da sojoji ke kai farmaki dazuzzuka. Mako biyu aka ce da farko. Kafin watan ya ƙare, Katsina ta rufe sabis a ƙananan hukumomi 13, Sakkwato a 14, Kaduna ma ta bi sahu a wasu yankunanta. Gusau ta yi kusan wata guda babu kira, babu saƙo, babu intanet, sauran sassan Zamfara kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A kwanakin farko mutane suka riƙa shiga mota daga Gusau har Funtuwa, ba don fatauci ba, sai don su kira ɗan'uwa ko su tura kuɗi.

Ke nan tambayar yadda rayuwa za ta kasance ba tare da intanet ba, a ƙasar Hausa ba ta buƙatar hasashe. An ɗanɗana. Abin da aka gano kuwa shi ne, hirar Facebook da kallon bidiyon TikTok su ne mafi ƙanƙantar asara. Babbar matsalar ita ce hanyoyin da iyayenmu ke bi kafin zuwan waya duk mun bar su sun mutu, ba mu kuma tanadi madadinsu ba.

Aljihu ne ke fara ji

Tsaya a gaban rumfar mai POS da safe ka gani. Ga magidanci da katinsa, yana so ya ciri na cefane. Mai rumfa ya zura katin, ya ɗaga na'urar sama kamar mai neman iska, ya jira, ya girgiza kai: "Alhaji, wallahi babu netwok." Kuɗin na nan a banki, ba wanda ya taɓa su, amma ko ƙullin gishiri ba za su saya ba. Na bayansa kuma tasa ta fi zafi, an cire masa kuɗi amma ba su shiga ba, mai kaya ya riƙe buhun shinkafa ya ce sai ya ga alat.

Wannan ba sabon abu ba ne ga wanda ya ga farkon shekarar 2023, lokacin canjin takardun naira. Tsabar kuɗi ta yi ƙamfa, kowa ya koma transfa, manhajojin bankuna suka kasa ɗaukar nauyin, mai tumatur da mai nama suka yini suna jayayya da masu saye. A lokacin intanet bai ma ɗauke ba, cunkoso kawai ya yi. To ina ga ya ɗauke ɗungurungum? Albashi, kuɗin da ɗan ci-rani ke turo wa gida daga Legas ko Kumasi, kuɗin magani a asibiti, cinikin hatsi a Dawanau da na shadda a Kantin Kwari, yawancinsu yanzu ta wannan hanya guda suke bi.

Akwai kuma masu sana'ar da ba su da shago sai waya. Matar aure tana cikin ɗakinta, ta ɗauki hoton turaren wuta ko atamfa ta ɗora a WhatsApp, mai so ta turo kuɗi, a ba mai babur ya kai. Ranar da data ta daina aiki, kasuwarta ta tashi, ga kaya jibge a kusurwar ɗaki, lambobin masu saye da lissafin bashinta kuma duk suna cikin hirarrakin da ba sa buɗewa.

Zumunci, makaranta da neman agaji

Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kowane gari na da hanyoyinsa. Ana ba direba wasiƙa a tasha, ana aika yaro gida-gida ya faɗi rasuwa ko suna, sanƙira na zagaya unguwa da shela, gidan rediyo na karanta gaisuwa da sanarwa. Mutum ya san gidan kawunsa da ƙafarsa, ya haddace adireshin gidan waya. Yau gayyatar biki a guruf ɗin dangi take, sanarwar jana'iza ma haka. Tambayi matashi lambar mahaifiyarsa da ka, sai ya laluba aljihu.

Ɗalibi ma ya shiga tasku. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, rajista da duba sakamako da neman gurbin karatu duk ta intanet ne. Haka neman fasfo, haka tantance lambar NIN da BVN. Ofishin yana buɗe, ma'aikaci na zaune, amma amsa ɗaya ce: a dawo idan netwok ya dawo.

Mafi ciwo shi ne neman agaji. A watannin da aka rufe layuka, ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran jami'an tsaro ko gargaɗin maƙwabta, mai naƙuda ba a iya kira mata mota. Wasu na cewa rashin intanet zai rage yaɗa ƙarya, ya kuma dawo da hirar dandali da yara masu sauraron iyaye. Da ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai jita-jita ta girmi waya, kuma inda ba halin kira a tabbatar, ta fi samun gindin zama.

Me ke kashe intanet?

Mutane da yawa na zaton a iska yake yawo. A zahiri waya ce mai silin gilashi, shimfiɗe a ƙarƙashin teku, ta fito a gaɓar Legas, a binne ta a gefen titi har Kano da Sakkwato da Maiduguri, sannan ta haɗu da turakun sabis da akasarinsu da man dizal suke aiki. Nijar da Chadi ba su da gaɓar teku, ta ƙasashen maƙwabta take shigo musu. Ko'ina a wannan doguwar hanya ana iya samun tsinkewa.

Ranar 14 ga Maris na 2024, a makon farko na azumi, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni daga Laberiya zuwa Ghana da Najeriya, wasu bankuna suka ba abokan hulɗarsu haƙuri, gyara kuma ya ɗauki makonni domin sai jirgin ruwa na musamman ya zo ya ciro wayar. A tudu kuma, motar haƙa ta masu aikin titi kan datse wayar, ɓarayi kan kwashe batura da man turaku.

Sai kuma hannun hukuma. A 2013 an rufe layuka a Borno da Yobe da Adamawa bayan ayyana dokar ta-ɓaci. A Nijar an katse intanet na wayar hannu kimanin kwana 10 bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021. Yankunan Kamaru masu magana da Ingilishi sun yi wata uku babu shi a 2017, Sudan ta yi sama da wata guda a 2019. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka ba talaka wa'adin shiri.

Tanadin da bai fi ƙarfin kowa ba

Ba cewa ake a jefar da waya a koma zamanin da ba. Abin da ake so shi ne kowane gida ya tanadi hanya ta biyu.

A ajiye tsabar kuɗi daidai cefanen 'yan kwanaki, a wuri amintacce, ba tare da an yi ta shela ba. A san lambar banki ta USSD, wadda ake dannawa da alamar tauraro: ba ta buƙatar data, ko a ƙaramar waya tana aiki muddin akwai sabis na kira. Wanda ke da hali ya riƙe layin kamfanoni biyu, domin ba kullum suke ɗaukewa tare ba. Idan sabis ya yi rauni, gajeren saƙon tes ya fi kira saurin wucewa.

A sayi ƙaramin littafi a rubuta lambobin dangi, na likita, na mai unguwa da na direban da aka sani, yara kuma su haddace aƙalla lambar uwa da ta uba. Ɗan kasuwa ya koma wa littafin bashi, ko da yana da lissafi a waya. Takardun makaranta, katin asibiti da sunan maganin da mai ciwon suga ko hawan jini ke sha, a samu kwafinsu a takarda. A gyara rediyon da aka jefa bayan gado, a sa masa batur. Iyalin da ke warwatse a garuruwa su yi magana tun yanzu: idan an yi kwana kaza ba a ji juna ba, wa za a nema, ta wace tasha za a aiko saƙo?

Unguwa ma na da nata rabon. Lasifikar masallaci, mai unguwa da 'yan sintiri su san yadda za su isar da gargaɗi idan waya ta ƙi. Turken sabis da ke bayan gari kuma dukiyar kowa ce, duk wanda ya ga ana kwance masa batur ya sani shi ake yi wa sata. Hukumomi kuwa, idan tsaro ya tilasta rufe layuka, haƙƙin jama'a ne a faɗa musu iyakar wa'adi, a kuma tanadar wa asibitoci da bankuna hanyar aiki.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Akasarin abin da aka lissafa a nan ba ya cin kuɗi sosai, kuma yau da sabis ke nan ne ake iya yin sa. A fara da littafin lambobi, yau ɗin nan.