Ƙarfin Damtse da Dogon Numfashi

Jama'a, ƙarfi iri biyu ne. Akwai ƙarfin damtse, wanda ɗan dako yake ɗaga buhun gero da shi. Akwai kuma dogon numfashi, wanda yake sa mutum ya yi tafiya mai nisa bai gaji ba. Saurayin da ya fita ta Ƙofar Kabuga a Kano, ya bi hanyar Gwarzo da gudu, numfashi yake nema. Wanda yake ɗaga ƙarfe, damtse yake nema. Ɗan dambe yana bukatar duka biyu, gama turmi uku ake yi. In numfashinsa ya ƙare a turmin farko, ƙarfin hannunsa ya zama na banza.

To, ana iya neman su tare? A shekarar 1980 wani malami a Amurka, Robert Hickson, ya gwada. Ya kasa mutane kashi uku. Na farko suna ɗaga ƙarfe kwana 5 a mako. Na biyu suna gudu da tuƙa keke kwana 6 a mako. Na uku suna yin duka biyun. Aka yi mako 10 ana haka. Na uku suka sami numfashi kamar na biyu. Amma wajen mako na 7 ƙarfin ƙafarsu ya daina ƙaruwa, daga baya ma ya ragu.

Wataƙila aikin ya yi musu yawa. Tsoka ba ta ƙaruwa sai an ci abinci, an yi barci, an huta.

Ga yadda za mu auna aikinmu. In muna iya magana amma ba ma iya waƙa, aikin matsakaici ne. In magana ta gagara sai mun ja numfashi, aikin mai tsanani ne. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya yi aƙalla minti 150 na matsakaici a mako, ko minti 75 na mai tsanani, ya kuma yi aikin ƙarfafa tsoka kwana 2.

Saboda haka ranar da muka ɗaga nauyi, mu sassauta gudu. Ranar da muka yi gudu sosai, mu rage nauyi. Manomin da ya wuni yana huɗa ya riga ya yi nasa, sai hutu. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri, ya tsaya nan take, ya tafi asibiti. Sannu ba ta hana zuwa.