Makon Kaka A Damagaram: Iyaye Sun Zama 'Yan Aiken 'Ya'yansu

A al'adar Bahaushe yaro ake aike, babba kuwa nasa sa albarka ne. To amma duk wanda ya zaga Zango, Birni da Sabon Gari a farkon watan Oktoba zai ga lamarin ya juye. Dattijo ne bisa kabu-kabu da takardu cikin leda, dattijuwa ce da jika a baya tana jiran layi. In ka tambaya, ba hidimar kansu ba ce, ta 'ya'yansu ce waɗanda tuni suka yi gemu ko suka yi aure.

Dalili kuwa a fili yake. Abubuwa uku ne ke haɗuwa a lokaci guda: girbi, komawa lakwal, da zazzaɓin cizon sauro da ƙarshen damina ke bari. Ga shi masu ƙarfin ba su gida. Wani yana aiki Yamai, tafiyar kilomita wajen 890, wani yana kasuwanci Kano, wani ya bi zinariyar da aka gano a Jado a 2014, wasu kuma suna Libiya ko Aljeriya. Jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a ƙidayar 2012, da mutum fiye da miliyan 3 da rabi, saboda haka wannan ba labarin gida ɗaya ko biyu ba ne.

Bari mu bi makon daki-daki. Ranar Litinin ta takardu ce. Ɗan da ya samu bak yana son rajista a Jami'ar André Salifou, wadda aka kafa a 2010, ko kuma yana neman tallafin karatu na ANAB. Wani kuma zai shiga jarrabawar neman aikin gwamnati. Kowa sai da takardar haihuwa da ta shaidar ɗan ƙasa, kuma sai an buga wa kwafinsu hatimi a ma'aikatar magajin gari. Idan tun farko ba a yi wa yaro rajistar haihuwa cikin wa'adi ba, to sai an je gaban alƙali tare da shaidu. Wa ya san shaidun? Uba. Don haka shi ke zuwa.

Talata ta jikoki ce. Kaka ce ke kai yaro gaban mushe, ta sayi kaye da allo da alli da bik, ta kai wa tela yadi. Laraba kuma sau da yawa a asibiti ake wuninta, domin a wannan lokaci ne jikin yara ke yawan zafi. Ko da yake a 2006 gwamnati ta yi shelar magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuɗin kabu-kabu da zaman jira ba wanda ya ɗauke wa tsohuwa.

Alhamis ranar kasuwa ce a Damagaram, kuma a nan ne magana ta fi nauyi. Idan aiken ɗa bai iso ba, uba ba ya da abin yi sai ya taɓa abin da ya girbe. Sai ya kai gero ko wake ko gyaɗa kasuwa a daidai lokacin da tiya ta fi araha a duk shekara, alhali in bazara ta yi, ko damina ta tsaya rumbu ya ƙare, shi ne zai koma ya sayi wannan tiyar da tsada. Waɗanda suka ga yunwar 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, sun san inda wannan hanya ke kai gida. Saboda irin haka ne aka kawo tsarin jinginar hatsi a Nijar a ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar FAO: manomi ya ajiye buhunsa a sito, a ba shi rance, in farashi ya tashi ya sayar ya biya. Sai dai ba kowane ƙauye ke da irin wannan sito ba.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai tasha. Buhun sabon gero, ƙuli-ƙuli, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji, a ɗaure, a rubuta suna da lambar waya, a ba motar Yamai ko ta Agadas. Asabar ta gona ce: a tsaya kan masu ɗaurin dami, a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, a nemi amalanke. Gonar ma wani lokaci ta ɗan ce, shi dai ya aiko da kuɗin noma. Lahadi kuwa, mai sauran ƙarfi sai ya leƙa kasuwar Miriya neman akuyar sunan jikan da ke tafe.

Wata shekarar nauyin kan ninka. A 2024 ruwa ya yi ɓarna har tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba, gwamnati kuma ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A gidaje da yawa, tsofaffin nan ne suka tsaya kan gyaran katanga suna ba 'ya'yansu labari ta waya. Haka kuma mai karatu ba zai manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da mutum 92, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, suka rasu da ƙishirwa a hanyar Aljeriya. Tafiya irin wannan, kowa ta ci, tsofaffi ne ke riƙe waɗanda aka bari.

Ba wanda ya ce iyaye na yi ne dole. Da yawansu na jin daɗin a ce har yanzu ana buƙatarsu, kuma zumunci a ƙafa yake. Amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Mai shekara 65 da hawan jini ba shi ne na rana da ƙura kwana bakwai a jere ba, kuma Bahaushen uba ba zai buɗe baki ya ce wa ɗansa ya gaji ba.

Saboda haka kira ga 'yan'uwa matasa: kuɗi su riga saƙo isowa, tunda ga Nita da Al Izza da ire-irensu, kada tsoho ya sayar da geronsa don ya biya maka hatimi. Wanda ya zo hutu ya haɗa takardunsa da kansa tun kafin kaka. Wanda aka yi wa haihuwa ya yi rajistar jaririn nan take, kada shekara 18 nan gaba a sake tayar da wani dattijo neman shaidu. 'Yan'uwa kuma su raba hidima tsakaninsu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa'annan in an kira waya, a fara da "Baba, ya ƙarfin jiki?" kafin a kawo maganar aike.

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya sa mu ci amfanin wannan kaka lafiya.