Kafin Ka Zubar da Tsofaffin Kaset: Yadda Na Ceto Waƙoƙin Sangaya Daga Bola

A watan jiya na je Dawaki, can wajen Rano, gaida kawuna. Ana sharar ɗakin ajiya sai aka fito da wani kwali cike da kaset-kaset na rediyo, za a kai bola. Na tsugunna ina dubawa, sai ga na waƙoƙin Sangaya da Wasila, takardun jikinsu sun koɗe. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai duk suna YouTube." Suna nan ɗin kam. Amma da yawansu daga bidiyo aka tsamo su, an matse an sake matsewa, har sautin ya koma kamar ana waƙa a cikin rijiya.

Sai ka san yadda aka yi waƙoƙin za ka gane darajar kwalin nan. A ƙarshen shekarun 1990, a situdiyo irin na Iyan-Tama da na Sarauniya a Kano, ba taron makaɗa ake yi ba. Mutum ɗaya ne zai zauna gaban fiyanon Yamaha samfurin PSR, ya zaɓo sautukan da suka yi kama da kalangu da sarewa, ya haɗa kiɗa, sannan mawaƙa irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha su ɗora murya. Sai an gama waƙa ake fita ɗaukar fim, a kunna ta, jarumai su bi da baki. Kaset ɗin waƙar kuwa yakan riga fim ɗin shiga kasuwa, shi ne tallarsa. Ke nan wanda kawu ya saya a lokacin ya fi kusa da abin da ya fito daga situdiyo fiye da wanda ke yawo a wayoyinmu yau.

Matsalar ita ce zaren kaset ba ya jiran kowa. Zafi na lalata shi, danshin damina na sa masa fumfuna, kuma maganaɗisun lasifika na iya ɓata abin da ke kai idan an ajiye su tare.

Kuskurena na farko: na kara waya a bakin rediyo na danna naɗa. Waƙa ta shiga, kukan akuya ma ya shiga. Na biyu ya fi ciwo. Ban goge cikin rediyon ba, robar da ke jan zare ta naɗe wani kaset ta tauna shi, waƙa guda ta tafi. Don haka ka fara da goge kan da ke karanta zaren da auduga da ɗan sifirit, ka goge robar a hankali, ka bari su bushe. Ka ɓalle 'yan harsunan nan biyu na saman kaset, don ko hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli, ba abin da zai goge. Ka juya zaren da biro, ka tabbatar bai manne ba.

Daga nan sai ka haɗa ramin abin sauraro na rediyon da 'yar na'urar sauti ta USB mai karɓar sitiriyo, ita kuma ka sa ta a kwamfuta. Manhajar Audacity kyauta ce, ta isa. Ka adana a matsayin WAV, 44.1 kHz. Minti ɗaya zai ci wajen MB 10, kaset mai minti 60 kusan MB 600. Da nauyi, na sani, amma wannan shi ne uwa. Kar ka tace shi, kar ka rage masa shuuu ɗin nan na kaset. Ka yi kwafi, a kansa za ka yi gyara ka fitar da MP3 na waya. Uwar kuma ka ajiye ta wuri biyu, tare da hoton kwalin kaset ɗin, don a nan sunayen mawaƙa da na situdiyo suke fitowa.

Wani abu: ceto daban, ɗorawa a intanet daban. Waƙoƙin nan suna da masu su, a nemi izininsu tukuna.

Na kai wa kawu nasa a memori. Ya sa na maimaita masa Sangaya sau uku, sannan ya ce akwai wani kwalin a ɗakin gwaggo.