Gaskiya ko Jita-jita: Oksijin Kisa Yake, Ƙarin Ruwa Kuwa Magani Ne?

Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masara ke nuna a gonakin Funtua, Bakori, Ƙafur da Malumfashi, ɗakunan yara a asibitoci kan cika maƙil. A ɗauko yaro a babur daga ƙauye, jiki zafi rau, numfashi sama-sama. A bakin gadon nan ake yawan jin roƙo biyu: "Don Allah likita, kada a sa masa oksijin," da kuma "A taimaka a ƙara masa ruwa."

Roƙon farko jita-jita ce ta haife shi, amma na san inda ta samo tushe. Ba a jona wa mutum oksijin sai jiki ya tsananta, sau da yawa bayan an kwana uku ana jiƙe-jiƙe a gida. Uwar da ta ga an sa wa ɗan maƙwabciya roba a hanci da magariba, da asuba aka fito da gawa, ba za a ga laifinta ba in ta tsorata. Sai dai ciwon ne ya yi kisa, shi da jinkiri. A 2008 an fitar da sakamakon wani bincike a asibitoci biyar na ƙasar Papua New Guinea: da aka samar da oksijin da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini, mutuwar yara masu ciwon huhu ta ragu da kashi 35 cikin 100. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, in awon yaro ya sauka ƙasa da 90, a ba shi oksijin.

Ita ma na'urar ba a sakar mata ragama gaba ɗaya. Binciken Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna takan nuna lamba mai kyau alhali iskar ta yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku. Mu ke nan. Shi ya sa gogaggen ma'aikacin jinya ke ɗage rigar yaro ya ga ko ƙirji na lotsawa.

Ƙarin ruwa kuwa, rabin gaskiya ne. Ga mai amai da gudawa wanda jikinsa ya bushe, ceton rai ne, babu musu. Amma ba kowane zazzaɓi ba. Binciken FEAST da aka fitar da sakamakonsa a 2011, wanda Farfesa Kathryn Maitland ta jagoranta a Uganda, Kenya da Tanzaniya, ya bi yara 3,141 masu matsanancin zazzaɓi. Cikin waɗanda aka ɗura wa ruwa da yawa a lokaci guda, fiye da 10 cikin 100 sun rasu cikin kwana biyu. Cikin waɗanda aka bi da su a hankali, kusan 7. Likitocin kansu ba su zaci haka ba, har aka tsayar da binciken kafin wa'adinsa. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ledar ruwan da ake ratayewa a ƙusa a shagon magani ko a ɗaka, ba awo, ba mai lura da bugun zuciya, don kawai dangi su ga an yi wani abu.

Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sumar, ko yake jijjiga, abin da yake buƙata daban ne: a auna sukarin jikinsa, a duba ko jininsa ya yi ƙasa, a yi masa allurar artesunate. A wani bincike da aka fitar da sakamakonsa a 2010, an gwada ta a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Ilorin a nan Najeriya, ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin 100 idan aka kwatanta da kwinin da muka taso muka tarar.